Ina son zama likitan iyali a karkara: a wane irin asibiti zan nemi horo?

Sabon Likita:

Assalamu alaikum. Manyanmu da ke wannan zaure, shawara na zo nema.

Na kammala hidimar ƙasa a wani babban asibitin ƙaramar hukuma a arewacin jihar Taraba, na kuma ci jarrabawar share fage ta fannin likitan iyali. Saura neman gurbin horo. Abokan karatuna bakinsu ɗaya: in nemi asibitin koyarwa na birni, kusa da gida, inda akwai manyan malamai da wuta da na'urori. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, don niyyata idan na gama in koma irin wurin da na baro in zauna.

Ga yadda wurin yake. Ranar kasuwa, bencin jiran likita yakan haɗa Mumuyen da suka sauko daga kan dutse, da Fulanin ruga, da masunta daga bakin Binuwai, da Hausawa 'yan tireda, da Ibo masu shagon kayan babur. Kusan kowa na jin Hausar ciniki, amma Hausar da ake sayen doya da ita ba ta isa mutum ya faɗi abin da ke damunsa a mara ba. An taɓa kawo mini wata tsohuwa da ta haura shekara 60, ɗanta ke yi mata tafinta. Ya ce ciwon mara ne da kasala. Na ce ya tambaye ta ko tana ganin jini. Ya sunkuyar da kai, ya yi mata wata 'yar gajeriyar magana, ya juyo ya ce babu. Wata mai shara da ke jin yaren ce ta ja ni gefe ta ce ai bai tambaye ta ba, ce mata ya yi likita na gaishe ta. Da aka fitar da shi, mai sharar ta tambaya, ashe ta daɗe tana zubar da jini. Ciwon dajin bakin mahaifa ne, kuma ya riga ya yi nisa. Ban ga laifin ɗan ba. Wane ɗa ne zai dubi uwarsa ya yi mata wannan tambayar?

Da dare kuma likita ɗaya ne ke kwana da waya a kunne. A kawo mai naƙudar da ta kwana biyu a gida, a kawo mai jijjiga, a kawo wanda kububuwa ta sara a gona, ko yaron da zazzaɓi ya shanye wa jini. Asibitin da za ka tura su da nisa, hanya kuma da damina sai addu'a. Allurar kashin baya da ake yi kafin tiyata ma, wani dattijon nas ne ya nuna mini.

To, shin horon likitan iyali yadda ake yin sa a ƙasar nan yana koyar da waɗannan abubuwa biyu, aikin hannu da kuma iya zama da mutanen da yarenku da addininku ba ɗaya ba? Ko kuwa sai mutum ya tsinta da kansa? Idan ana koyarwa, wane irin asibiti zan nema?

Hajiya Likita:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, Allah ya yi wa niyyar albarka. Wannan fannin na karanta, yanzu kuma ina cikin masu horar da na baya, don haka bari in faɗa maka yadda abin yake daga ciki.

A manhaja komai na nan. Ko ta kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas ka bi, ko ta Kwalejin Likitocin Afirka ta Yamma, za ka zaga sashen yara, da na mata da haihuwa, da tiyata, da cututtukan manya, da ƙwaƙwalwa, da ido, da kunne da hanci da maƙogwaro, da wurin masu sa barci, sannan a tura ka karkara na wani lokaci. A mataki na biyu ka yi bincike ka rubuta kundi, ka kuma haɗa littafin marasa lafiya da iyalan da ka bi lamarinsu. Ba ya kasa shekara 4, kuma da yajin aiki da maimaita jarrabawa yakan zarce haka. Takarda iri ɗaya kowa ke karɓa a ƙarshe, amma likitocin da ke fitowa ba iri ɗaya ba ne, kuma wurin da aka yi horon ne ke bambanta su.

Fannin nan ba a manyan asibitocin koyarwa aka raine shi ba. Da aka fara shi a farkon shekarun 1980, asibitocin mishan ne suka fi riƙe shi, irin su Wesley Guild na Ilesha, da asibitin Baftis na Ogbomosho, da Jankwano na Jos wanda yanzu ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham. A irin waɗannan wurare likita ɗaya ne ke duba yara da safe, ya yi tiyatar kaba da rana, ya ciro jariri da dare. Da horon ya bazu zuwa manyan asibitoci, sai likitan iyali ya tare a GOPD, wato sashen duba marasa lafiyar da ba a kwantar ba, yana ganin dogon layi, yana rubuta magani, yana tura kowa sashen da ya dace da shi. Idan aka kai ka sashen haihuwa, akwai masu neman ƙwarewa a wannan fannin a gabanka, wuƙa ba za ta zo hannunka ba sai sun ƙoshi. Kai dai ka riƙe ƙarfe, ka goge jini, ka rubuta bayanin aiki. Na ga wanda ya gama horo tsaf, bakinsa cike da ilimi, amma idan aka ce ga mace mahaifa ta fashe kuma ba kowa sai shi, gumi ne zai karyo masa.

Sai dai kada ka ɗauka ina cewa ka koma ƙauye kai kaɗai ka koya a jikin bayin Allah. Likitan da ba mai duba aikinsa, kuskurensa ne ke zame masa ɗabi'a, ya shekara goma yana maimaita shi yana kiran abin gogewa. Abin nema shi ne matsakaicin asibiti da kwaleji ta amince da shi, mai yawan aiki, inda likitocin iyali ne ke riƙe da ɗakunan kwanciya da ɗakin tiyata, kuma akwai babba da zai tsaya a kanka yau, gobe ya tsaya a bakin ƙofa, jibi ya ce ka kira shi idan ka maƙale.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi damuna. Mutane na ɗauka sanin al'ada shi ne ka haddace cewa Fulani na da kunya, su wane ba sa ba mai ciki ƙwai, su wane ba sa ba da jini. Wannan haddar ce ke sa likita ya daina tambaya, don yana ganin ya riga ya san amsa. Ita ce kuma ke ba mu damar ɗora wa al'ada laifin duk abin da ya gagare mu.

Ɗauki ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta cewa yana da yawa a ƙasar Hausa, suka danganta shi da wankan jego, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta, da kunun kanwa. Haka aka koya mana a makaranta. Duk mai jegon da ta zo da haki da kumburin ƙafa, kafin a ɗora mata abin awo an fara yi wa uwarta faɗa. Sai ga wani babban bincike da likitocin zuciya suka yi a asibitoci da dama na ƙasar nan, aka wallafa a 2020. Ya tabbatar cutar ta fi yawa a Arewa maso Yamma, amma abubuwan da aka samu suna tafiya da ita su ne rashin karatu, da rashin sana'a, da rama, da hawan jinin masu ciki. Al'adun jego ba a same su da alaƙa da ita ba a wannan binciken. Ba wai ina cewa mai ciwon zuciya ta ci gaba da shan kanwa ba ne, gishiri ce, za ta ƙara mata kumburi. Amma dubi shekarun da aka kwashe ana hararar tukunyar ruwan zafi, alhali yarinyar ba ta samun abin da za ta ci ta ƙoshi.

Akwai kuma abin da ba za ka taɓa gani daga kan kujerarka ba. A 2010 yara suka riƙa mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara. Abin da kowane likita zai fara kawowa a ransa zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, maganinsu kuwa bai yi aiki ba. Gubar dalma ce, daga duwatsun zinare da ake dakawa ana niƙawa a cikin gida, a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Yara kimanin 400 suka rasu. Wanda ya shiga gidajen ya ga abin da ake yi ya fi kusa da amsar fiye da mai zaune a ofis da littafi. Shi ya sa ziyarar gida take cikin horonmu, kuma shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga an mai da ita cika takarda.

Ɗalibaina sun san abubuwan da ba na ɗaga musu ƙafa a kai. Zanen dangi da muke yi a kati ba ado ba ne. A gidan da ke da mata uku da uwar miji da wan miji, ina so in ga an nuna wa ke yanke hukunci, wa ke riƙe da kuɗi, wa zai raka ta idan an tura ta gaba. Sau da yawa mutum uku ne daban. Kowane mara lafiya a tambaye shi me yake zaton ya kawo ciwon, me yake tsoro, me ya riga ya sha, kuma da fuskar da za ta sa ya faɗi gaskiya. Idan ka ɗaure fuska don ka ji an ce rubutu ko saiwa ko ruwan addu'ar fasto, ba shan za a daina ba, faɗa maka za a daina. Makiyayin da aka samu da tarin fuka, maganinsa na wata 6 ne, to kafin ka ba shi ƙwayar farko ka tambaye shi ina shanu za su kasance idan rani ya tsananta, ka shirya masa inda zai ci gaba da karɓa. Mai ciwon suga kuma, maganar azumi a Sha'aban ake yin ta, ba ranar da aka kawo shi a sume ba. Ka kuma tuna Kiristoci ma na azumi.

Batun tsohuwar da ka kawo, ƙa'idata ita ce ɗa ba ya yi wa uwa tafinta, miji ba ya yi wa mata a kan abin da ya shafi mara, ƙaramin yaro kuwa ba ya yi wa kowa. Kowane asibiti na da ma'aikatan da ke jin yarukan yankin, masu shara da masu gadi da masu ba da kati. A zaɓi mace da namiji a kowane yare, a zaunar da su a koya musu riƙe sirri da isar da magana ba ragi ba ƙari. Kai kuma ka yi magana gajere-gajere, idonka a kan mara lafiya, a ƙarshe ka sa ta maimaita yadda za ta sha maganin.

Kuma kada ka ce don kai Bahaushe ne ka huta idan aka kai ka ƙauyen Hausawa. Ɗan birnin da bai san watan da rumbu ke ƙarewa ba zai rubuta wa manomi maganin da kuɗinsa ya kai buhun gero a tsakiyar Agusta, sannan ya rubuta a kati wai mara lafiya ba ya bin umarni.

Likita Daga Jidda:

Hajiya, ranki ya daɗe, duk abin da kika faɗa haka yake, amma akwai abin da ba a faɗa wa yaron nan ba. Ni ma fannin nan na yi, yanzu ina Saudiyya, kuma ba don na ƙi mutanena na fito ba.

Ɗan'uwa, ka yi lissafi tun yanzu. Ranar da ka zama ƙwararre, wa zai ɗauke ka a wancan asibitin ƙaramar hukumar ya biya ka albashin ƙwararre? Guraben manyan likitoci a asibitocin tarayya suke da na babban birnin jiha, kuma a jihohi da dama albashin jiha bai kama ƙafar na tarayya ba. Lokacin kana da iyali, yara sun isa makaranta. Ga masu garkuwa da mutane, da suke ganin kowane likita attajiri ne. A 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate da bakinsa ya ce likitocin da ke ƙasar kusan 55,000 ne, kuma kimanin 16,000 sun fice cikin 'yan shekarun da suka wuce. Waɗanda suka rage ma, kaso mai tsoka na Legas da Abuja. Ba za ka ce duk marasa tausayi ne ba.

A ganina gyaran tun daga ƙofar makarantar likita yake farawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari a 2010, ta sabunta su a 2021, kan yadda za a riƙe ma'aikatan lafiya a karkara, kuma cikin waɗanda ta fi ƙarfafawa akwai ɗaukar ɗaliban da suka taso a karkarar. Ɗan Zing ko Karim Lamido da ya zama likita ba ya neman tafinta, uwarsa na nan, gonarsu na nan. Shi ne zai zauna. Kai niyyarka mai kyau ce, amma niyya takan gaji. Ka yi horon da ko'ina ka je zai karɓu.

Tsohon Malamin Asibiti:

Gaisuwa ga likitoci. Ni ba likita ba ne, malamin asibiti ne mai ritaya daga Adamawa. Jikana ne ya nuna mini wannan muhawara ya ce in sa baki.

Ɗana, a Garkida tun 1974, kafin ma taron Alma-Ata na 1978 da ya sa duniya ta kama maganar lafiya matakin farko, Ekklesiyar 'Yan'uwa ta fara wani shirin lafiyar karkara. Ƙauye ne ke kafa kwamiti, ya zaɓi mutanensa, a horar da su su dawo gida. Kuma da tatsuniya da waƙa da wasan kwaikwayo ake koyarwa. Ni ma da wannan salon na yi aiki. Sai in ba da labarin matar da ɗanta ke gudawa, maƙwabciya ta ce a hana shi ruwa, wata ta ce a ba shi ruwan gishiri da suga, sannan in tsaya in ce wa jama'a, ku me za ku yi? Tsofaffin da ba su taɓa riƙe fensir ba sai su kaure da gardama, washegari labarin ya kai rijiya da kasuwa. Ban taɓa ganin laccar da ta yi wannan tafiyar ba.

Abin da zan ƙara a kan maganar Hajiya shi ne, cikin malaman likitan iyali a sa da mu. Na karɓi matasan likitoci da ake turo mana na 'yan watanni. Mai hankali a cikinsu, makon farko ba abin da yake yi sai bin mu. Mu kai shi ya gaida dagaci, da liman, da fasto, da arɗo, da wanzami, da tsohuwar da ke karɓar haihuwa. Wani yana ganin ɓata lokaci ne. Amma ranar da ƙyanda ta ɓarke, waɗannan mutanen ne ke fito maka da yaran da aka ɓoye a ɗaki.

Wanzami musamman. Za ka ga jaririn da aka cire wa beli ya zo yana zubar da jini, ranka ya ɓaci, ka so kiran 'yan sanda. Kafin ka kira, ka tuna shi ke shiga kowane gida ranar suna, kai kuwa sai an rasa yadda za a yi ake zuwa wurinka. Akwai wani da muka yi shekaru muna gaisawa. Ban iya raba shi da askarsa ba, amma ya yarda ya daina taɓa jaririn da idonsa ya yi rawaya ko ba ya kama nono, ya riƙa turo mana uwar da jaririn, ɗansa na raka su.

Makiyaya kuma, a Cadi tun wajen shekarar 2000 aka gwada haɗa rigakafin mata da yara da na dabbobi a fita ɗaya, kuma mutane sun fito. Bafulatani zai yi tafiyar yini saboda allurar saniya. Likitan da zai zauna da su ya san likitan dabbobin yankin, ya san ranar kasuwar shanu.

Likitan Jidda, gaskiya ka faɗa, ɗan gida ya fi zama. Sai dai shi ma da tasa matsalar. Matar da ke da ciwon sanyi ba za ta buɗe baki ga ɗan maƙwabcinta ba. Na sha ganin mata sun tsallake ɗan garinsu sun tafi wurin baƙo saboda sirrinsu.

Ɗan Madani:

Salamu alaikum. Ni Bahaushen Sudan ne, asalinmu Mai Wurno, na yi aiki a jihar Jazira. Makarantar likita ta Jami'ar Jazira da ke Wad Madani, tun kafuwarta a shekarun 1970 take tura ɗalibai ƙauyuka, ta kuma haɗa ɗalibi da iyali ya riƙa bibiyarsu. A 2010 jami'ar da ma'aikatar lafiya ta jihar suka ɗauki likitoci sama da 200, aka raba su cibiyoyin lafiya na birni da ƙauye, suna aiki suna karatun digiri na biyu na shekara 2 a fannin likitan iyali. Ba a ɗauke likita daga ƙauye don a horar da shi a birni ba, karatun ne ya same shi inda yake ta intanet, yana zuwa babban asibiti wasu ranaku don koyon aikin hannu, idan ya maƙale ya tuntuɓi ƙwararre ta kwamfuta.

Rauninsa, shekara 2 ba ta fitar da mai tiyata irin wanda Hajiya ke nufi, kuma wasu da takarda ta shiga hannunsu sun haye teku sun bi sahun ɗan'uwanmu na Jidda. Yaƙin da ya ci Madani a Disambar 2023 kuma ya tarwatsa abubuwa da yawa. Amma a lokacin, ƙauyukan da ba su saba ganin likita zaune ba sun samu. Ku da kuke da likitoci da yawa a asibitocin jiha da ba za su taɓa samun gurbin horo ba, wannan hanyar ta cancanci dubawa.

Ungozomar Jigawa:

Abu ɗaya zan roƙi masu horarwa su koya wa likitoci: maganar sa hannun tiyata da ta jini tun lokacin awo ake yin ta da mai gida, ba ƙarfe biyun dare ba, mace na zubar da jini shi kuma yana Legas ci-rani. Mu tun ciki na wata bakwai muke cewa a zo da miji, a faɗi wanda zai tsaya idan ba ya nan, a san masu ba da jini a dangi, a san mai motar da za a kira. Sabon likita yakan tsaya yana faɗa wai me ya hana baligar mace ta sa wa kanta hannu. Tana da iko, kuma idan ana rai kwakwai mutu kwakwai ba ma jiran kowa. Amma ita ce za ta koma gidan ta zauna da su.

Maganar ɗaukar 'yan karkara kuma na gan ta da idona. Shirin W4H (Women for Health), na horar da mata ma'aikatan lafiya, da aka fara a 2012 a Jigawa da Kano da Katsina da Yobe da Zamfara ya ɗebo 'yan mata daga ƙauyuka, aka yi musu shekarar share fage don cike giɓin sakamakon sakandare, suka shiga makarantun ungozoma da jinya da alkawarin komawa garuruwansu. Me zai hana a yi wa karatun likita haka?

Sabon Likita:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, Allah ya ƙara lafiya. Hajiya, wurare biyu nake hange: wani asibitin tarayya a babban birnin jiha, da wani na mishan. Na farkon ya fi albashi. Ta yaya zan gane wanda ya fi ba da aikin hannu kafin in shiga? Kuma Musulmi zai sake a na mishan?

Hajiya Likita:

Zai sake. Na san Musulmin da suka yi horo a irin waɗannan asibitoci lafiya ƙalau, kuma zama cikin waɗanda ba addininku ɗaya ba yana cikin abin da ka ce kana son koya.

Ka je da ƙafarka duka wuraren biyu. Kada ka tsaya a ofishin shugaban sashe, shi dole ya yabi gidansa. Nemi wanda ke shekara ta uku, ka roƙe shi ya nuna maka littafin da yake rubuta ayyukan da ya yi, ka duba tiyatar haihuwa nawa ya yi da hannunsa, nawa ya taya. Tambaye shi wa ake tasa da dare idan mai naƙuda ta gaza, kuma idan ya kira babba yana zuwa ko ta waya yake ba da umarni. Tambayi tsawon zaman karkara, da ko akwai malamin da ke leƙa su a can. Ka kuma tabbatar amincewar kwalejin ba ta ƙare ba, don takan ƙare, kuma kai za a bari da ɓatattun watanni.

Idan birnin ne rabonka, ba a rasa komai ba. Manyan asibitocin na da cibiyoyinsu a wajen gari: na Malam Aminu Kano na da Kumbotso, na Zariya na da Yakawada, na Jos na da Gindiri da Zamko, inda za ka ga saran maciji har ka gaji. Ka nemi a ƙara maka lokaci a irin waɗannan wurare, ka kuma ɗauko batun kundinka daga can.

Maganar ɗan'uwanmu na Jidda kuma kada ka watsar da ita, albashi ya kori mutanen da suka fi ka zafin niyya. Idan jiha ce za ta ɗauki nauyinka, ka karanta takardar yarjejeniyar da kyau, ka ga ko an rubuta matakin albashin da za a ɗora ka a kai ranar da ka dawo da takardar ƙwarewa, da irin asibitin da za a kai ka. Idan ba a rubuta ba, ka nemi a rubuta kafin ka sa hannu.